Tafiya Tsibirin Gobir, Garin da Ruwan Famfo Ya Tanƙwara 'Ya'yansa

Daga Katsina zuwa Jibiya babu nisa, shingayen jami'an tsaro ne suka mayar da hanyar doguwa. Direbanmu ya san kowane shinge da halin masu tsaronsa. Wani wurin ɗaga hannu ya isa, wani wurin sai an tsaya an leƙa bayan mota. Kaka ce, an yanke gero an ɗaure dammuna, dawa kuma tana tsaye ta sunkuyar da kai. Can gefe ana hango tudun ƙasar da aka tara domin layin dogon da zai haɗa Kano da Maraɗi. A Magama muka sauka aka duba takardu, muka canza naira zuwa sefa a hannun 'yan canji. Daga Ɗan Isa kuwa sai jandarmomi da 'yan duwan. Harshe bai sauya ba, gaisuwa ba ta sauya ba, tuta da kakin ma'aikata ne kawai suka bambanta.

Abin da ya fito da ni tsohon labari ne. A farkon shekarun 2000 kafofin labarai sun yi ta maganar yaran Tsibiri, wani gari kusa da Maraɗi inda ruwan famfo ya lalata haƙoran dubban yara, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwa. An yi ta juyayi na ɗan lokaci, daga nan wasu labaran suka taso suka rufe shi. Amma yaro ba ya tsayawa a shekarun da aka ɗauki hotonsa. Waɗanda aka nuna wa duniya suna rarrafe ko suna dogara sanda yanzu magidanta ne da matan aure, ko waɗanda ya kamata a ce sun zama haka. Su nake son gani, in kuma ga garin da abin ya faru a cikinsa.

Kafin a shiga Maraɗi sai an yi ta bin gefen gulbi. Wannan ruwan namu ne gaba ɗaya. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, a Jibiya an tare shi da madatsa, ya ƙetara Nijar ya zagaya ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Da rani yashi ne zalla, amma fadamarsa ce ke ciyar da yankin. Mangwaro, rogo, tumatir, zogale, duk a nan ake samunsu. Shi ne kuma ya cinye tsohuwar Maraɗi a ambaliyar 1945, aka tashi garin aka mayar da shi kan tudu. Ban daɗe a Maraɗi ba. Gari ne na fatauci, na manyan alhazai da manyan ɗakunan ajiya, inda kowace kwana za ka ga yaro da bokitin ruwan leda mai sanyi, a shaguna kuma ga ruwan gora jere ga mai halin saye. Na lura da wannan ne saboda inda na dosa.

Tsibiri tafiyar kilomita goma da 'yan kai ce daga Maraɗi, a kan hanyar da ta nufi Gidan Runji da Ƙonni. Ɗan kabu-kabu ne ya kai ni. Wanda ya san tarihi ba zai shiga garin nan da raini ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, nan Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa sabuwar hedikwatarsu a ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi. Har gobe fadar Sarkin Gobir tana nan da dogarai da makaɗa, sarautar Inna tana nan, tsagar Gobirawa tana nan a kumatun dattawa. Na fara kai gaisuwa ƙofar fada kamar yadda ya kamaci baƙo, na faɗi abin da ke tafe da ni, aka haɗa ni da wani malamin makaranta mai ritaya, irin waɗanda a can ake kira mushe, domin ya zagaya da ni.

Tun kafin ya ce komai na fara karanta labarin a bakunan mutane. Tsoho mai furfura zai yi maka murmushi ka ga haƙoransa, in ban da jan goro, lafiya lau. Ƙananan yara masu dawowa daga lakwal su ma galibi nasu farare ne. Amma tsakanin waɗannan da waɗancan akwai wani rukuni, daga masu shekara ashirin da 'yan kai zuwa waɗanda ke dab da arba'in, da yawansu haƙoransu sun yi dabbare-dabbare, ruwan ƙasa da baƙi-baƙi, wasu sun zaizaye sun yi ramuka. Wata mai sayar da ƙosai da muka tsaya wurinta tana magana tana kare bakinta da gefen mayafi. Ba ta san tana yi ba, hannun ya riga ya saba. Wannan launin ba na goro ba ne, ba na fure ba ne da mata kan goga don ado, kuma asuwaki ba ya fitar da shi, domin a cikin ginin haƙorin yake tun yana ƙarƙashin dasashi.

Mushe ya kai ni gidan wata dattijuwa da ta ga zamanin kafin famfo. Ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura. Bayan mun gaisa na ce, “Inna, ina son ki ba ni labarin ruwan garin nan.” Ta yi shiru ta gyara zama, sannan ta fara daga fari, ba daga cuta ba. Ta tuna shekarun da sama ta ƙi, rijiyoyi suka yi ƙasa, mata suka riƙa kwana a bakin rijiya suna jiran ruwa ya taru. Ta tuna kurkunu da ke kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma, da gudawar da ke ɗauke jarirai. “Ɗana,” in ji ta, “ranar da anka kawo muna pampo guɗa munka yi. Ruwa garai-garai, ba laka, ba tsutsa, ba wari. Wa za ya ce akwai cuta ciki?” Ta haifi 'ya'ya kafin famfo, ta haifi wasu bayansa. Na farkon suna nan garau. Cikin na bayan akwai wanda bai taɓa riƙe hauya ba.

Maganarta ta dace da abin da aka rubuta. Bayan farin 1973 da na 1984, kuma a cikin shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ruwan sha, daga 1981 zuwa 1990, an haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a faɗin Sahel. Niyyar mai kyau ce, kuma ta ceci rayuka ba adadi. Kurkunun da dattijuwar ta ambata, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar da Najeriya sun rabu da shi, kuma ruwa mai tsabta na cikin abin da ya kawo hakan. A 1985 aka fara ba Tsibiri ruwa daga wata rijiya mai zurfi. Aka yi ta sha har wajen 2000. Da aka auna, sai aka tarar da sinadarin fulorayid tsakanin miligiram 4.8 zuwa 6.6 a kowace lita, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata miligiram 1.5 ce. Wato ninki uku zuwa huɗu, shekara goma sha biyar, a randar kowane gida. Ƙididdigar da aka bayar a lokacin ta ce abin ya shafi yara kusan 5,000, fiye da 400 daga cikinsu kuma ƙasusuwansu sun lalace sosai.

Babu masana'antar da ta zuba wannan guba. Daga ƙasa take. Ruwan da ya daɗe kwance a can ƙarƙashi yana narkar da ma'adinan duwatsun da yake ciki, wasu duwatsun kuwa suna ɗauke da fulorayid. Ruwan sama-sama irin na rijiyoyin fadama, wanda damina ke sabuntawa duk shekara, yawanci bai kai na can ƙasa yawan sinadarin ba, sai dai shi kuma ƙwayoyin cuta ke samunsa da sauƙi. Fulorayid kaɗan yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. In ya yi yawa sai ya shiga cikin ginin haƙori da na ƙashi ya zauna. Haƙori yana kamuwa ne tun yana haɗuwa, daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas. Ƙashi kuma sai ya yi kauri ba tare da ƙwari ba, gaɓoɓi su sandare, jijiyoyin da ke riƙe su su taurare, baya ya ƙage. Babba yana fitar da kaso mai yawa ta fitsari. Yaro, da yake jikinsa gini yake yi, yana riƙe mafi yawan abin da ya sha. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to haka ta faru da ƙafafun yaran nan. Nauyin jikinsu ya hau ƙashin da bai ginu daidai ba, wasu suka yi gwame, wasu ƙafar ta yi baka, wasu kan ya girma fiye da ƙima.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk dabarun da iyayenmu mata suka gada na gane ruwa ba su da amfani a nan. Mace takan duba ruwa da ido, ta sansana, ta ɗanɗana, ta tace da tsumma, ta jefa alif ko ƙwayar zogale laka ta kwanta, in ta yi shakka ta tafasa. Fulorayid ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Tsumma ba ya tare shi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a tanki ba ya taɓa shi. Tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi, domin ruwa ne ke tashi ya bar sinadarin a tukunya. Nonon uwa kusan ba ya ɗauke da shi, saboda haka jariri yana cikin kariya har ranar da aka fara ɗura masa ruwa da koko da kunu. Uwar da ta fi kowa tsabta, wadda ta ƙi ruwan tafki ta biya kuɗi ta sayi na famfo domin ɗanta, ita ce ta fi ba shi gubar a kai a kai. Ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra. Tunda ido da hanci da harshe ba sa iya ganowa, to nauyin gaba ɗaya yana wuyan wanda ya haƙa rijiyar da wanda ya karɓi kuɗin ruwan, domin su kaɗai ke da na'urar awo.

Kuma ruwan bai yi wa kowa ɓarna daidai ba. Famfo ɗaya aka sha, amma ba ciki ɗaya aka kai shi ba. Binciken da aka yi a Indiya da gabashin Afirka ya nuna cewa fulorayid ya fi illa ga yaron da abincinsa ba shi da sinadarin kalsiyam, wanda ake samu a madara da nono da ƙananan kifi da wasu ganyaye. Kalsiyam yana kama wani kaso na fulorayid tun a hanji ya hana shi shiga jini. Yaron da ke samun nono a furarsa kullum, da ɗan nama, da ƙwai, zai iya tsira da tabon haƙori kawai. Wanda furarsa ruwa ce da gari, tuwonsa da miya ba mai, shi ne ƙashinsa ke lanƙwashewa. Jihar Maraɗi kuwa, duk da ita ce rumbun hatsin Nijar, ta daɗe tana cikin wuraren da tamowa ta fi kama yara, kamar yadda duniya ta gani a yunwar 2005. Ga zafi, wanda ke sa ɗan Sahel ya sha ruwa fiye da ɗan ƙasar sanyi, don haka ko iyakar 1.5 ɗin ma tana iya yi masa yawa. Sannan mai hali yana da hanyar tsira. Zai iya tura 'ya'yansa karatu Maraɗi ko Yamai, zai iya kai su likita tun alamar farko. Talaka yana nan inda aka haife shi, da famfon unguwarsu.

Na tambayi mushe yadda aka yi shekara goma sha biyar ba a gane ba. Ya ce da farko kowa da abin da yake faɗi. Wasu suka ce shan inna ne, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, wasu suka ɗora wa dangin uwa cewa gado ne. An yi rubutu, an yi turare, an je wurin bori, an sayar da awaki. Akwai auren da ya mutu a kan haka. Ban ga laifinsu ba, mutum yana neman dalili ne a cikin abin da ya sani. Waɗanda nake tuhuma su ne masu ilimin abin. Lissafin ba shi da wuya. Yaron da aka haifa a 1985 zai yi famfara wajen 1991 ko 1992, sababbin haƙoransa su fito da tabo. Daga wannan lokacin shaida tana nan a bakin kowane ɗan aji ɗaya, a gari mai makarantu da gidan likita, wanda bai fi tafiyar rabin sa'a ba daga hedikwatar jiha. Tabon fulorayid kuwa sananne ne a ilimin haƙori tun shekarun 1930. Awon sinadarin a ruwa aiki ne na yini guda a ɗakin gwaji. Da a ce haƙoran 'ya'yan manyan ma'aikata ne a unguwar Filato ta Yamai suka fara rinewa haka, ban yarda za a kai damina biyu ba a ɗebi ruwan an auna ba. Wannan shi ne rashin daidaiton da nake nufi. Ba a cuta kaɗai yake ba, yana cikin tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a yarda cewa kukan wani ya isa a bincika.

Da abin ya fito fili aka daina amfani da rijiyar, aka nemo wa garin wani ruwan. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, ta ɗauki maganar ta nemi a biya iyalan diyya ta hanyar shari'a, ita kuma ƙungiyar FIDH mai mazauni a Faransa ta fitar da rahoto a kan yaran a 2002. Sai dai daidai wannan lokacin ne aka sauya fasalin harkar ruwa a ƙasar. A 2001 aka rushe kamfanin ruwa na gwamnati, SNE, aka kafa kamfanin SPEN ya riƙe kadarori, aka ba kamfanin SEEN aikin rarrabawa da karɓar kuɗi, wanda a lokacin kamfanin Vivendi na Faransa ne ya riƙe kaso mafi tsoka a cikinsa. Wanda ya sayar da ruwan ya gushe, magadansa kuma ba su ne suka sayar ba. Maganar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A 2006 gwamnatin Nijar ta kawo tsarin magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, abin yabo ƙwarai, amma a lokacin ƙaramin cikin yaran da suka sha ruwan ya riga ya wuce biyar. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ruwan sha mai tsabta a matsayin haƙƙin kowane ɗan Adam. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya miƙar da ƙafar kowa a Tsibiri.

Da la'asar muka zauna a rumfar wani tela, ɗaya daga cikin yaran wancan lokaci. Yana zaune a kan benci ba za ka gane komai ba, sai da ya miƙe zai ɗauko zare na ga yadda gwiwoyinsa suka haɗe, ƙafafun suka baje waje, tsayinsa bai wuce na ɗan shekara goma sha biyu ba. Keken ɗinkinsa na hannu ne, domin taka feda yana tayar masa da ciwon ƙugu. Mutum ne mai fara'a, bai nemi in tausaya masa ba, ni ma ban yi masa wannan rashin kunyar ba. Muka yi hirar tsadar yadi da rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin 2023, wanda ya ce ya kusa kashe masa sana'a. Da muka zo kan maganar sai ya ce, “Malam, ni na gode Allah, ina da abin yi. Ka tambayi mata.” Ya yi gaskiya. A ƙasar da darajar namiji take a gona, ta mace kuma a daka da ɗaukar ruwa da haihuwa, wadda ƙugunta ya karkace tana fuskantar abu biyu: ko a ƙi aurenta, ko ta yi aure haihuwa ta zame mata haɗari. Mafi yawansu ba a ganinsu a kasuwa ko a bakin hanya. Suna cikin gidajen iyayensu, iyayen kuma suna tsufa.

Magani fa? Tabon haƙori ba ya gogewa, sai dai likitan haƙori ya lulluɓe shi, aikin da kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi. Ƙashi yakan ɗan sassauta a hankali in an daina shan ruwan aka kuma gyara abinci, musamman ga wanda bai gama girma ba. Ƙafar da ta riga ta lanƙwashe kuwa sai tiyata, a yanke ƙashin a daidaita shi, a yi watanni ana jinya da gashi. Asibitin CURE da ke yi wa yara irin wannan aiki an buɗe shi a Yamai a 2010, Yamai kuwa ta fi kilomita 600 daga nan. Ko aikin kyauta ne, akwai kuɗin mota, da abincin mai jinya, da gonar da za a bari ba mai nome ta.

Tsibiri ba ita kaɗai ba ce. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa tun daga shekarun 1970 domin a raba mutane da kwalara, sai daga baya aka gano ruwan da yawansu yana ɗauke da gubar arsanik, abin da ya jefa mutane miliyan gommai cikin haɗari. Kuskuren iri ɗaya ne, an auna ƙwayoyin cuta ba a auna sinadarai ba. A gida kuma, duk wanda ya zauna a Kaltungo ta jihar Gombe ko Langtang ta jihar Filato ya san rinannun haƙoran da ke can, kuma masana sun danganta su da fulorayid na ruwan ƙasa. A Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara ankarar da hukuma. Garin Bagega sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, bayan an yi ta kiraye-kirayen a saki kuɗin aikin. Kowane wuri ka duba, ƙauye ne ko ƙaramin gari, masu abin ba su da ɗan'uwa a inda ake yanke shawara.

Abin takaici, hanyoyin gyara ba ɓoyayyu ba ne. Mafi sauƙi shi ne a auna tun rijiya tana sabuwa, in ta yi yawa a toshe wannan zurfin a ɗebi ruwa daga wani, ko a gauraya shi da ruwan da ba shi da sinadarin. A Indiya akwai dabarar da aka sa wa sunan gundumar Nalgonda, inda ake zuba alif da farar ƙasa bisa ƙa'idar awo, a motsa, a bari ya kwanta. A Kenya da Tanzaniya da Habasha ana tace ruwa da gawayin ƙashin dabbobi da aka ƙona a tanda ta musamman, wanda ke zuƙe fulorayid. Mu da ƙasusuwan shanun da aka yanka bisa sunna suke jibge a kowace kwata, wannan ba zai gagare mu ba. Ana iya tara ruwan sama daga rufin kwano a ajiye wa yara ƙanana su kaɗai, tunda su ne abin ya fi kamawa. A Tanzaniya an gano cewa wata irin kanwa da suke sa wa girki tana ƙara musu fulorayid sosai, don haka tamu kanwar ma ta cancanci a auna ta a yankunan da ruwansu ke da matsala. Dokar ingancin ruwan sha ta Najeriya ta 2007 ita ma ta tsayar da iyakar a 1.5. Takarda dai tana nan.

A hanyar komawa, bayan mun wuce Jibiya, motarmu ta tsaya shan mai a wani ƙauye inda na ga babbar motar haƙa rijiya tana aiki kusa da masallaci. Yara sun kewaye ta, laka na malala, an riga an kafa ƙarafan da za a ɗora tanki. Wani bawan Allah ne ya biya, sadaka ga mahaifinsa da ya rasu. Irin wannan aiki yanzu ya cika ƙasar Hausa. Ɗan majalisa ya haƙa, attajiri ya haƙa, ƙungiyar 'yan gari mazauna birni ta haƙa, kuma Allah Ya saka musu, domin ƙishirwa gaskiya ce. Na matsa wurin shugaban ma'aikatan, muka gaisa, na tambaye shi ko za a kai ruwan ɗakin gwaji kafin a buɗe wa jama'a. Ya dube ni da mamaki, ba da fushi ba. Ya ce su aikinsu su kai ga ruwa, su wanke rijiya har ya fito fari, in mai aiki ya nemi gwaji ya biya sai a yi, amma ba kasafai ake nema ba.

Na ba shi labarin Tsibiri a taƙaice, da na tela da keken hannunsa. Na ce kuɗin gwajin bai kai na tankin da za su ɗora ba, kuma hukumomin ruwa na jihohi da jami'o'inmu suna da ɗakunan da ake yinsa. Abin da nake so in gani shi ne, kamar yadda ake rubuta sunan wanda ya gina a jikin tanki, a rubuta ranar da aka auna ruwan da abin da aka samu na fulorayid da dalma da arsanik da sinadarin taki, a kuma sake awon bayan 'yan shekaru, mai unguwa da liman su riƙe kwafin takardar. Ya saurara har na gama, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce shi ba zai iya tilasta wa kowa ba, amma alhajin da ya ba su aikin zai zo ranar Juma'a, zai gaya masa. Ya karɓi biro a hannuna ya ce in maimaita masa sunayen abubuwan da za a auna, ya rubuta su a bayan takardar rasit ɗin mai.